Dalmar da Datti Ya Ajiye wa Benedict

Duk wanda ya san mahaɗar Anguwan Rukuba kafin gari ya lalace ya san rumfar Datti mai liƙi, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta tsohon kwano, baƙi ƙirin da hayaƙi, an rataye mazurarai da fitilun aci-balbal da bokitan ban ruwa a gabanta. Shi kuma yana ciki a tsugune gaban kurfotin gawayi, siriri, da ɗan gemu, da wata hula da ta sha hayaƙi har ba a san asalin launinta ba. Sana'arsa guda ce tak, abin da ke yoyo ya hana shi yoyo. Buta, tankin kananzir, lagireton mota, tukunyar mai kunu, duk wanda ya kawo sai ya tafi yana sa albarka. Amma mu mutanen Jos akwai saurin mantuwa, abin da ya kamata mu manta shi kaɗai muke riƙewa, shi ya sa yau in ka tambayi Datti a wurin sai a yi maka kallon baƙo.

Mahaifinsa daga ƙasar Kazaure ya zo zamanin haƙar kuza, ya ƙarar da ƙarfinsa a ramukan Bukuru, tari ya kashe shi. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bar wa Datti sanda ce guda ta farar dalma, ba ta wuce taƙi ɗaya ba, wadda shi da kansa ya narkar daga kuzar da ya wanke da hannunsa. Datti ya naɗe ta a tsumma ya ajiye a gida cikin akwatin kayansa. Dalmar kasuwa yake aiki da ita, wannan kuwa ko a ranar da babu na cefane bai taɓa kai ta kusa da wuta ba.

Bango ɗaya ya raba rumfarsa da shagon Benedict kafinta. Benedict mutumin Kamaru ne, daga wani ƙauye a tsaunukan Bamenda, ya zo Jos yana saurayi ya yi wa kamfanin kuza aikin katako, da kamfani ya rushe ya buɗe nasa. Ƙato ne, mai dariya kamar ana fasa dutse, kuma ba a raba shi da surutu. Ya taɓa zama a makarantar horar da limaman coci, a cewarsa bakinsa ne ya sa aka sallame shi, kuma babu wanda ya taɓa musa masa. Yana yin kujeru da ƙofofi, yana yin akwatin gawa. Hausarsa irin ta titin Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Wata rana, tun suna da sauran baƙin gashi, Benedict ya leƙo rumfar ya ce, "Malam Datti, ka iya liƙe akwati yadda iska ba zai shiga ba, ba zai fita ba?"

Datti bai ɗago ba ya ce, "Me za a zuba a ciki?"

"Mutum."

Wani akawu ne mutumin Gana ya mutu, danginsa suna so su kai shi gida, hukuma ta ce gawa ba za ta tsallake iyaka ba sai a cikin akwatin ƙarfe liƙaƙƙe. Datti ya yi jim, don shi a saninsa gawa likkafani ake yi mata a kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi. Amma da ya ga matar mamacin zaune a ƙofar shago ta haɗa kai da gwiwa, sai ya tashi ya ɗauki almakashin yankan kwano.

Ranar ce Benedict ya koya masa kalmar. Ya ce Turawa suna kiran irin wannan liƙi hermetic, kuma daga sunan mutum aka samo ta. Wai an yi wani tsohon masani a ƙasar Masar, Girkawa suna ce masa Hamis mai girma sau uku, shi ne uban masu neman mayar da dalma zinariya. Suna dafa haɗe-haɗensu a cikin kwalba, to shi ne aka ce ya gano yadda ake toshe bakin kwalbar ta yadda ko numfashi ba zai kuɓuce ba. Shi ya sa duk abin da aka rufe ruf, babu shigar iska babu fitarta, ake jingina shi gare shi.

Datti ya ce, "To ya samu zinariyar?"

"Bai samu ba."

"Ashe ɗan'uwana ne."

Benedict ya yi dariya har da buga bango, daga ranar kuma bai sake kiransa da wani suna ba sai Jikan Hamis. Datti ya kasa lanƙwasa harshe ya faɗi kalmar daidai, hamatik yake cewa, amma yana jin daɗinta a ransa. Mutumin da aka saba ce wa mai toshe ɓular buta, yau an ce sana'arsa tana da kaka a Masar.

Haka suka zama abokan aiki. Benedict ya haɗa katako, Datti ya shimfiɗa fallen kwano a ciki ya liƙe kusurwoyi, ya cika shi da ruwa ya bar shi a rana yana zagayawa yana neman danshi. In an kwantar da mamaci, sai ya juya fuskarsa bango, ba ya kallon gawar mutane, har sai dangi sun gama ganawa Benedict ya ce an ɗora murfi. Sannan ya ciro ƙarfen liƙi daga gawayi ya bi bakin murfin da dalma a hankali, ba ya magana, ba ya yarda a yi masa. In ya gama sai ya zaro gashin kaza daga bayan kunnensa, ya danna tsakiyar murfin da tafin hannu, ya bi layin liƙin da gashin. In gashin ya motsa, akwai kafa, sai ya koma wuta. In bai motsa ba sai ya ce alhamdulillahi, Dantong mai a-kori-kura ya matso da motarsa a ɗora. A masallaci akwai masu gunaguni, wai me ya kai Musulmi ga akwatin Kirista. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ni yoyo nake toshewa, yoyo kuwa ba shi da addini."

A gida yana da Balaraba, matarsa tun ta ƙuruciya, mai sayar da awara a ƙofar gida a Dutse Uku, da ɗansu ɗaya da ya rayu, Jabir. Da yake ɗan fari ne, Balaraba ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ko yana ƙarami in ya faɗi ya fasa baki a gaban mutane, sai ta ɗauke kai ta bar maƙwabciya ta ɗauke shi, alhali zuciyarta kamar ta fito. Mutanen yanzu suna ganin wannan rashin so ne, don ba su san nauyin kunyar ɗan fari ba.

Rikicin watan Satumba na dubu biyu da ɗaya ya same su a bakin aiki. Benedict ne ya tura Datti cikin shagonsa ya kwantar da shi a wani sabon akwati ya jera katako a kai, har ƙura ta lafa sojoji suka raka shi gida. Bayan an koma kasuwa Datti yakan ce shi kaɗai ne Musulmin da ya ɗana akwatin gawa ya fito, kuma ba ya ba kowa shawarar ya gwada. Benedict yana dariya, amma abin da ya gani a kwanakin nan ya taɓa shi. Ya ga gawawwaki jibge a mota, ya ga yadda aka tura su rami ɗaya babu mai sanin wane ne wane.

Bai daɗe ba ya zaɓi katakon maɗaci mafi kyau ya yi wa kansa akwati. Ya kira Datti ya ce ya saka masa kwano a ciki. Da aka gama, aka cika shi da ruwa bai ɗiga ba, sai ya jingine murfin a bango ya zauna a kan benci, babu dariya a fuskarsa.

Ya ce, "Jikan Hamis, ka ji ni da kyau. In na mutu, ban yarda a kai ni mutuware, ɗakin gawa na asibiti, a yi mini allura a sa ni a firiji kamar kifi ba. Ranar da na mutu ka zo ka rufe ni. Dantong ya kai ni Bamenda, a sa ni kusa da mamana. Na yi shekara da shekaru a garin mutane, ban so in kwana a nan har abada."

Datti ya ce, "Oga Bene, wa ya gaya maka za ka riga ni?"

"Ka yi alkawari kawai."

"Na yi. In ina numfashi, ni zan rufe ka. Kuma ba da dalmar kasuwa ba, da ta mahaifina."

Alkawari kaya ne, Datti kuwa ya ɗauke shi da gaske. Duk shekara in damina ta wuce sai ya shiga shagon ya duba kwanon ko ya yi tsatsa, Benedict yana tsokanarsa wai ya ƙosa ya ga bayansa.

Sai Nuwamban dubu biyu da takwas ta zo, bayan zaɓen ƙaramar hukuma. Jabir yana acaɓa a lokacin, an sa ranar aurensa. Ya fita da safe bai dawo ba. A masallaci Datti ya gane shi cikin jerin gawawwaki, da tabon ƙunar dalma da ya samu a hannu tun yana yaro. Rumfar mahaɗa ta ƙone ƙurmus, shagon Benedict ne ya tsira. Balaraba ta zauna karɓar gaisuwa idonta a bushe, mata suna cewa kai, wannan akwai tauri. Datti kaɗai ya san ta daina barci ta daina cin abincin kirki.

Daga nan gari ya tsage biyu. Tsakanin Dutse Uku da Anguwan Rukuba tafiyar ƙafa ce da ba ta isa a gaji ba, amma ta koma kamar tsakanin ƙasa da ƙasa. Mai hula ba ya shiga can, mai sarƙar giciye ba ya shigowa nan. Datti ya kafa kurfotinsa a zauren gida yana ɗan liƙin butoci. Ba shi da waya, kunnensa ya yi nauyi, kuma ya ce shi ba ya magana da mutumin da ba ya gani. Wayar gidan ta Balaraba ce. Ta nan Benedict yake kira jefi-jefi, ta kara wa mijin a kunne su yi ta ihu, rabin maganar ba sa jin juna. Kiran ƙarshe da Datti ya amsa, Benedict yana tari, ya ce ƙafafunsa sun kumbura, ya ce, "Kada ka manta da ni fa." Datti ya ce ko ana ruwan wuta zai zo.

Damina ta sauka, kira ya ɗauke. In ya tambaya sai Balaraba ta ce ai layin ne ba kyau. Ya lura ta tsiri dama masa gwaten acca da yake so ba tare da ya roƙa ba, in ta ajiye kuma ba ta haɗa ido da shi. Ya ɗauka ciwon rashin yaron ne ya motsa, bai matsa mata ba.

A kasuwar Taminus ya ji labarin, ranar da ya je sayen ruwan batir na aiki, don nan ne kaɗai kowa da kowa ke haɗuwa. Wani ya dafa shi ta baya, ya juya ya ga Dantong.

"Baba! Ashe ka tashi? Ya jiki? An ce ka kwanta ba ka ko iya miƙewa."

"Ni? Wa ya ce?"

"Mama Balaraba mana. Ranar da Oga Bene ya mutu matarsa madam Gertrude ya kira, ya sake kira. Mama ya ce jikinka ya yi tsanani." Dantong ya tsaya, ya ga yadda fuskar tsohon ta canza. "Baba, ba ka sani ba?"

Datti bai sayi ruwan batirin ba. Ya tako har gida bai san inda yake jefa ƙafa ba. Ya tarar da Balaraba a tsakar gida tana tace waken awara. Ya tsaya a kanta ya ce, "Benedict ya mutu." Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya, ba ta ɗago ba.

"Kin sani."

"Na sani, Malam."

"Kin san na ɗauki alkawari. Mutumin nan ya ɓoye ni a shagonsa ranar da ake yanka mutane. Kin mayar da ni maƙaryaci a gaban gawa, Balaraba."

Sai ta ɗago. A zamansu duka bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Da na gaya maka da ka tafi. Ka ɗauki kurfoti ka ratsa Anguwan Rukuba da hularka da gemunka. Da safe Jabir ya fita, Malam. Jabir ya ce mini in ajiye masa awara yana dawowa. Jabir..."

Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna, shi ta yi ta maimaitawa, kuka ya ƙwace mata, kukan da ba ta yi ba a zaman makoki. Datti ya zo da faɗa cike da baki, ya rasa inda zai sauke shi. Ya zauna a kan turmi. Haushinta yake ji har cikin ƙashinsa, kuma tausayinta ya hana shi ko da ɗaga ido.

Washegari da hantsi Dantong ya zo da mota bakin unguwa don ya kai shi gaisuwa wurin iyalin Benedict. Ya kawo masa wata tsohuwar riga da wando irin na kanikawa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, hula ɗin ma sai ka cire." Tun da Datti ya balaga rana ba ta taɓa ganin tsakiyar kansa a waje ba. Ya cire ya cusa a buhun kayan aiki, tare da ƙarfen liƙi da sandar dalmar mahaifinsa. Shi kansa bai san me zai yi da su ba, hannunsa ne kawai ya ƙi fita babu su. Balaraba tana tsaye a bakin zaure, ba ta ce kada ya je ba.

Gertrude, matar Benedict, ta rame ta yi baƙi. Ta shimfiɗa masa tabarma a shagon, inda har yanzu ƙanshin katako bai gushe ba. Ta ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. Sun jira shi. Da suka ga ba zai zo ba suka kira wani mai walda, wutarsa ta yi wa kwanon yawa, ya huda murfin ya lanƙwasa shi. Mutuware kuwa marigayin ya hana da bakinsa, ga shi gawa ba ta jira. Dole suka binne shi a maƙabartar Jos, murfin katako kawai aka buga masa da ƙusa. Ta nuna masa murfin kwanon jingine a bango, duk ɓula.

Ta ce, "Har ranar ƙarshe yana cewa, Jikan Hamis zai zo, ku bar murfi a kusa." Sannan ta dube shi ta ce, "Ya jikin, Malam?"

Datti ya sunkuyar da kai. In ya ce lafiyarsa ƙalau ya tona wa matarsa asiri, in ya amsa ya shiga cikin ƙaryar. Ya ce, "Da sauƙi, Maman Josephine."

Gertrude ta yi ɗan murmushi mai ciwo ta ce, "Ba sai ka wahalar da kanka ba. Tun a waya na ji a muryan Balaraba. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na zauna na yi tunani, in ni ne aka kashe mini yaro, ni ma ba zan gaya maka ba. Ka ce mata na gaishe shi."

Nan hawaye suka zubo wa Datti, tsoho da kai babu hula, a shagon mutumin da ya yi wa alkawari. Da ya samu ya natsa sai ya share fuska ya ce, "Akwai abin da ke yoyo a gidan nan?"

Ta dube shi, sannan ta shiga ciki ta fito da butar shayin Benedict, wadda suka sha shayi da ita shekara da shekaru a bakin wannan shago, gindinta ya tsage. Dantong ya samo gawayi. Datti ya hura wuta, ya kwance tsumman, ya kai dalmar mahaifinsa bakin ƙarfe a karo na farko. Tsagar ba ta fi tsawon farce ba, amma sai da ya bi gindin butar kaf ya zagaye, ya sake zagayewa. Da ta huce ya toshe bakinta da tafin hannu, ya hura iska ta hancinta, ya bi layin liƙin da gashin kaza. Gashin bai motsa ba. Ya buɗe baki zai ce alhamdulillahi kamar yadda ya saba, muryar ta ƙi fita. Ya miƙa wa Gertrude butar da hannu biyu, ya ajiye ragowar dalmar a kan bencin Benedict.

Da ya dawo, Balaraba tana nan a bakin zaure inda ya bar ta, awarar ranar ko soyawa ba ta yi ba. Ya ciro hularsa daga buhu ya kaɗe ya sa. Ya ce, "Maman Josephine tana gaishe ki." Ta ce, "Ina amsawa." Ya wuce ya jingine buhun a bayan ƙofa, bai sake hura kurfotin ba. In maƙwabta sun kawo buta sai ya ce su kai wa wani, shi hannunsa ya daina.